Wayar hira da na'urar gem za su iya zama kayan aiki na gaske?

Sabo M.

Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ina so masana su raba ta. Wasu na cewa waya da na'urar gem da agogon hannu na zamani, da su YouTube da TikTok da Facebook, duk kayan shagala ne, wanda ya ce karatu ko aiki yake yi da su fakewa yake da guzuma ya harbi karsana. Wasu kuma na cewa kamar wuƙa suke, abin da ka yanka ya rage naka. Ni ba wa'azi nake nema ba. Shin an taɓa ɗaukar abin da aka ƙera don wasa aka yi aikin kirki da shi? Tsohuwar wayar da ke ajiye a durowa, me za ta iya, kuma ta ina take ba da matsala? Sannan me ya sa zauren WhatsApp na karatu ko na aiki ke mutuwa bayan 'yan makonni?

Injiniya Ɗahiru

Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Ka fara raba tambayar gida biyu, don na'urar da ke hannunka daban, dandalin da wani kamfani ke riƙe da shi daban. Ta fuskar na'ura an daɗe da ba da amsa.

Ɗauki katin hoto na kwamfuta, wanda ake kira GPU. Don 'yan gem aka yi shi. Allon 1080p yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma wasan yana so a sake lissafa launin kowane ɗigo sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa aka cika katin da ɗaruruwa, daga baya dubbai, na ƙananan sassan lissafi masu yin aiki iri ɗaya a lokaci guda, alhali babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta sassa kaɗan gare ta, masu ƙarfi, amma bi da bi suke aiki. Da Nvidia, kamfanin ƙera irin wannan kati, ta fito da CUDA, hanyar rubuta wa katin manhaja, wajen 2007, sai masu bincike suka samu damar ba katin lissafin da bai shafi hoto ba. A 2012 masu bincike uku a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton, suka horar da manhajarsu ta gane hotuna a kan katin GTX 580 guda biyu, irin wanda 'yan gem ke saye a kanti. A gasar ImageNet ta gane hotuna da kwamfuta, kuskurensu ya tsaya a kusan kashi 15 cikin ɗari, na biyu yana kusan kashi 26. Ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a kai yau, kan wannan turba ta taso.

Ba shi kaɗai ba. A 2010 cibiyar binciken sojan saman Amurka ta haɗa na'urar gem ta Sony, PlayStation 3, guda 1,760 ta mai da su babbar kwamfuta ɗaya. Kinect, da Microsoft ta fitar a shekarar don mutum ya yi wasa da motsin jikinsa, ta koma idon mutum-mutumi a ɗakunan bincike, saboda tana watsa ɗigon hasken da ido ba ya gani, ta auna nisan kowane abu da ke gabanta. A 2018 jirgin ƙarƙashin teku USS Colorado ya fara aiki da abin riƙon Xbox, na'urar gem ta Microsoft, wajen juya madubin leƙen waje, don ya fi araha, kuma matasan sojoji sun riga sun saba da shi. Sirrin duka ɗaya ne: abin da aka ƙera miliyoyi don nishaɗi yakan zo da araha da inganci fiye da wanda aka ƙera ɗaruruwa don ƙwararru.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A watan Afrilun 2010 Sony ta saki sabuntawa mai lamba 3.21, ta toshe damar ɗora Linux, manhajar da ke ba na'urar damar aiki kamar kwamfuta, a kan PlayStation 3. Duk wanda ya gina aikinsa a kan wannan dama, ya wayi gari ba zai iya maye gurbin na'urar da ta lalace da sabuwa ba. Kinect kuma ba ta gani a cikin rana, don hasken rana yana shanye ɗigon nata, gilashi da abu mai sheƙi suna ruɗa ta, kuma an daina ƙera ta a 2017. Don haka kafin ka jingina aiki da kayan wasa, ka tambayi abu biyu: a wane yanayi aka tsara ya yi aiki, kuma wa ke riƙe da makullinsa.

Malama Rabi

Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki zaure da bidiyo, don nan ne aka fi yaudarar kai.

Zauren WhatsApp yana mutuwa ne saboda an haɗa abu uku a kwano ɗaya: sanarwa, tattaunawa, da ajiya. Manhajar hira jerin saƙo ce mai gudu kamar ruwa, na ƙarshe shi ne a sama, ko da gaisuwa ce, muhimmi kuwa ya nutse. Mutum ya buɗe ya ga saƙo 300, sai ya tsallake duka, gobe ma haka, jibi ya kashe ƙarar zauren, shi ke nan an yi jana'iza ba a sani ba.

Gyaran shi ne a raba. Zaure na farko na sanarwa kawai, a shiga saitin zaure a bar shugabanni su kaɗai ke iya tura saƙo, kuma kada ya wuce saƙo biyu ko uku a rana. Zaure na biyu na tambaya da amsa. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda, amma wannan adadi na sanarwa ne. Tattaunawar da kowa zai yi magana a kuma san wanda ya yi shiru, da wuya ta yi kyau in an wuce mutum 20 zuwa 30. In ɗalibai sun fi haka, a kasa su, kowane kashi da mai kula. Na uku kuma, wanda aka fi mantawa, ajiya ba a cikin hira take ba. A buɗe jakar fayil a Google Drive ko makamancinsa, a sa wa kowane darasi kwanan wata da take, a liƙa adireshin jakar a bayanin zaure. Dalili: sabon shiga ba ya samun cikakken tarihin zauren, wanda ya canza waya ba tare da ya adana hirarsa ba ya rasa komai, kuma maƙale saƙo a sama a WhatsApp na ɗan lokaci ne, kwana 30 ne mafi tsawo. Telegram ya fi dacewa da ajiya, don ana iya barin sabon shiga ya ga tarihi, sai dai a sani hirar zaurensa ba a kulle take daga waya zuwa waya ba kamar ta WhatsApp, saboda haka ba wurin sirrin mutane ba ne.

Ƙananan abubuwa masu ɓata aiki: in ka tura hoton takarda a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, ƙananan rubutu su dushe. Tura shi a matsayin fayil, ko ka mai da shi PDF. Saƙon murya yana da daɗi ga mai turawa, amma ba a iya lalubo kalma a cikinsa, don haka duk abin da ya ƙunshi lamba, rana ko adireshi a rubuta shi. In ana neman ra'ayi a yi amfani da ƙuri'a, kada a ce kowa ya rubuta "na amince". Masu tura saƙo ga jerin mutane a lokaci ɗaya kuma su sani jerin ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Da yawa suna zaton an yi musu shiru ne, alhali saƙon bai je ba.

Sai YouTube. Ilimi na nan jibge, Khan Academy ma daga nan ta fara a 2006, kuma jami'o'i irin MIT sun zuba darussa cikakku kyauta. Matsalar ita ce gani ba ci ba ne. Mutum ya kalli ƙwararre yana warware lissafi cikin sauƙi, sai ya ji kamar shi ma ya iya, a ba shi farar takarda ya kasa layin farko. Abin da ke zaunar da karatu shi ne ƙoƙarin tuno shi, ba maimaita kallonsa ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farkon lokaci take faruwa, sannan ta rage gudu. Don haka ka kalli minti 10 zuwa 15, ka tsayar, ka kife wayar, ka rubuta abin da ka riƙe ko ka yi aikin da hannunka, sannan ka koma ka duba inda ka kauce. Ka sake gwada kanka gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Manhajar Anki wannan lissafin kwanakin take yi maka.

Shi kansa dandalin sai an ɗaure shi. Kashe kunna bidiyo na gaba da kansa. Goge tarihin kallo ka kuma dakatar da shi, shafin farko zai daina jero maka abin jan hankali. Haɗa jerin bidiyon darasin tun kafin ka zauna, ka shiga ta nan, ba ta shafin farko ba. Ta fuskar data, bayani na baki ya wadatar a ƙaramin ingancin hoto na 360p, wanda bai kai rabin gigabait a awa ba, amma in akwai rubutu ko lambobi a allo sai 720p. 1080p na iya lashe gigabait biyu a awa, kuma a ƙaramin allo bambancin bai taka kara ya karya ba. Gajerun bidiyo irin na TikTok kuwa, ni a ganina, suna iya nuna maka cewa abu yana nan, ba sa iya koya maka shi.

Habu Mai Gyara

Malam Sabo, batun tsohuwar waya. Abin da aka fi yi shi ne mai da ita kyamarar tsaro, kuma tana yi, in an kiyaye.

Fara da kwashe abin da ke ciki, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Buɗe mata sabon asusu nata na kanta, kada ka sa wanda kake aiki da shi, kada manhajar banki ta kusance ta, don tsohuwar waya ta daina samun gyaran tsaro daga kamfani. Sa manhajar kyamara ɗaya tak, sannan ka shiga saitin batir ka cire ta daga cikin waɗanda wayar ke kashewa don tanadin caji. Wannan shi ne dalilin da ya sa da yawa ke cewa kyamarar ta yi awa biyu ta tsaya: Android ce ta ɗauka manhajar barci take, ta rufe ta.

Lissafin wuri: bidiyo mai megabit 2 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 900 a awa, wato sama da gigabait 21 a yini da dare. Memori mai gigabait 32 kwana ɗaya da rabi ke nan. Don haka ka saita ta ɗauka sai in ta ga motsi, ka kuma zana mata yankin da za ta lura da shi, in ba haka ba inuwar reshe da labule da hasken mota za su cika maka memori da wofi. Ka nemi memori irin na kyamarar mota, mai jure yawan rubutu, na gama-gari yakan mutu da wuri in ana rubutawa ana gogewa ba hutu. Da dare kuwa waya makauniya ce. Kyamarar tsaro ta asali tana da fitilun da ido ba ya gani, waya ba ta da su, sai ka bar ƙwan lantarki a kunne. Kuma in ka ajiye ta bayan gilashin taga, hasken ɗaki zai dawo mata, kanta kawai za ta riƙa ɗauka.

Babban haɗarin batir ne. Batirin litiyam abu biyu ya tsana: zafi, da zama a cike ɗari bisa ɗari. Waya a jone dare da rana, kyamara na aiki, ta haɗa duka biyun. Masu ƙera waya yawanci digiri 35 suke sawa a matsayin iyakar zafin wurin aiki. Cire mata riga, kada rana ta same ta, rage hasken allo zuwa ƙarshe. In tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi. In babu, sa soket mai agogo ya riƙa ba ta wuta yana yankewa. Duba ta duk mako: in murfin baya ya fara ɗagawa, ko allo ya turo, ko ka ajiye ta a tebur tana lilo, batir ya kumbura. Cire ta daga wuta nan take, kada ka danna, kada ka huda, kai wa mai gyara. In kuma tana jone amma caji na raguwa, yawanci siririyar igiya ce ko kan caja mai rauni, nemi mai amfiya 2.

Akwai ayyukan da suka fi wannan sauƙi kuma ba su da haɗari. Kiwix yana sauke Wikipedia a karanta ba intanet. OsmAnd da Organic Maps suna sauke taswira, GPS kuwa ba ya buƙatar layi ko data. Amma a fili ma kuskurensa yakan kai mita 5, tsakanin dogayen gine-gine ya fi haka, don haka ya isa kimanta girman gona mai hekta da yawa, bai isa raba iyakar fili ba. Ga malaman kimiyya akwai phyphox, daga jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus, mai karanto na'urorin jin motsi na waya. Rataya wayar a igiya mai tsawon mita ɗaya, ka ɗan tura ta kaɗan, zuwa da dawowa zai ɗauki kusan daƙiƙa biyu, daga nan ɗalibi ya fitar da ƙarfin jan ƙasa, kusan 9.8. In amsar ta kauce, yawanci an auna igiyar ne zuwa bakin wayar maimakon tsakiyarta, ko an tura ta da nisa. Wasu wayoyi masu araha ba su da na'urar jin juyi, gwajin ba zai tashi a kansu ba.

Dakta Binta

Ni ban yarda da misalin wuƙa ba, Malam Sabo, aƙalla ga kafafen sada zumunta. Wuƙa ba ta kiran ka da tsakar dare. Kusan duk kuɗin shigar Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, daga talla yake, wato abin da ake sayarwa shi ne lokacin da idonka ya yi a allo. Gungurawar da ba ta da ƙarshe, jan ɗigon sanarwa, zaɓo maka abin da zai fusata ka, ba kuskure ba ne, aikin da aka ɗora wa injiniyoyi ke nan. Na'urar da Injiniya ya kawo ba ruwanta da abin da kake yi da ita. Dandali kuwa yana da tasa buƙata, kuma ta saɓa da taka. Shi ya sa duk shawarar Malama Rabi, in ka lura, kashe wannan ne, toshe wancan.

Duk da haka amfanin gaske ne. Manhajar Ushahidi, daga kalmar Suwahili mai nufin shaida, ta taso a Kenya a farkon 2008 lokacin rikicin bayan zaɓe, mutane na turo rahoto ana ɗora shi a taswira. A girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 an yi amfani da ita tare da lambar tes 4636. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne akwai mutane a zaune suna fassarawa, suna tantancewa, suna gano wurin da ake nufi. Inda babu masu tantancewa, hanyar da ke kai agaji ita ke kai jita-jita. Bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta haddasa a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa hira biyar, ya faɗaɗa dokar ga duniya a 2019, a 2020 kuma saƙon da ya yi yawo da yawa ya koma hira ɗaya a lokaci guda. Duk zauren da ke son a ɗauke shi da muhimmanci ya sa doka: hoto ko bidiyon wani lamari ba ya shiga sai da wuri da rana da wanda ya ɗauka, kuma a fara saka hoton a Google Lens ko TinEye, masu lalubo inda hoto ya taɓa fitowa, don sau da yawa tsohon hoto ne na wata ƙasa.

Misalin da ya fi burge ni ba ya buƙatar kowa ya rubuta komai. Tun 2020 wayoyin Android da ke ajiye a kan caji suna aiki a matsayin ma'aunin girgizar ƙasa, da na'urar nan da ke juya maka allo in ka karkata waya. Girgiza tana zuwa kashi biyu: ta farko mai sauri, kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ba ta cika ɓarna ba, ta biyu mai rushe gini tana tafe da kusan kilomita 3 da rabi. In wayoyi da yawa a yanki ɗaya suka ji ta farko tare, sai a aika gargaɗi, saƙon intanet kuwa ya fi girgizar gudu. Wanda ke nesa zai samu 'yan daƙiƙoƙi, wanda ke kan cibiyar ba zai samu komai ba.

Agogon hannu kuma a yi hattara. Koren hasken da ke bayansa yana ƙirga bugun zuciya ne ta canjin jini a fata. Yana kuskure in madaurin ya yi sako-sako, in hannu na motsi sosai, in fata ta yi sanyi, ko akwai zanen tawada a wurin. Apple Watch ta samu awon lantarkin zuciya a 2018, amma ta kusurwa ɗaya take kallo, na asibiti 12 ne. Tana iya nuna alamar bugun da ba ya kan tsari, ba ta gano toshewar jijiyar zuciya, kamfanin da kansa ya faɗi haka. Mai ciwon ƙirji asibiti zai nufa ko da agogo ya ce lafiya lau. Manhajar da ke cewa ka ɗora yatsa a allo ta auna maka hawan jini kuwa, goge ta.

Sabo M.

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura ɗaya: wanda sana'arsa ta riga ta dogara da shafi ko lambar WhatsApp, me zai yi tun kafin a rufe ko a sace?

Injiniya Ɗahiru

Kayan aro ba ya rufe katara, Malam. Dandalin gajerun bidiyo Vine ya rufe a 2017, dandalin sada zumunta Google+ a 2019, a shekarar kuma dandalin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora na tsawon shekara 12. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa shida, saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin. Wanda duk hanyoyinsa uku na kamfani ɗaya ne, hanya ɗaya gare shi.

Mabiya ba naka ba ne, lambar waya da imel ɗin da mutum ya ba ka da yardarsa su ne naka. Ka tara su a jadawali a wajen dandalin, suna da lamba da abin da ya saya da rana, ka sabunta duk mako. Asalin hotuna da bidiyo su zauna wuri uku: waya ko kwamfuta, faifan ajiya na waje, da ma'ajiyar intanet, don wanda ka sauko da shi daga dandali an riga an matse shi. Duk wata uku ka nemi kwafin bayananka, Google yana da Takeout, Facebook da Instagram suna da nasu a cikin saitin asusu. Shafin sana'a ya kasance da shugabanni biyu, kowa da asusunsa, in an rufe ɗaya ɗaya na nan.

Sata kuwa kusan kullum ta ƙofa ɗaya take shigowa: wani ya kira, ya ce taro za a yi ko an tura maka lamba bisa kuskure, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo ta tes. Waɗannan lambobin su ne makullin asusunka, ba mai buƙatarsu sai mai son ɗora lambarka a wayarsa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka sa lambar sirri da imel na dawo da asusu, ka riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa, wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. A Facebook da Instagram ka fifita manhajar samar da lamba a kan tes, saboda ana iya sauya layin mutum ba da saninsa ba, sannan ka rubuta lambobin gaggawa da suke bayarwa a takarda, ka ajiye ta a wani wuri ba cikin rigar wayar ba.